Ranar Altakwas

Wani mai gadi ne, shekararsa goma sha ɗaya yana tsaron ƙofar wani kamfanin katifa. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba a raba shi da ita. Ko allura ka yar a bakin ƙofar nan sai ya biyo ka da ita har mota. Matsalarsa ɗaya ce tak: duk ranar da ya zauna ya yi tunani, to sai wani abu ya lalace. Muddin an bar shi da buɗe ƙofa da rufe ƙofa, lafiya lau ake zaune.

Ana nan sai shugaban masu gadi ya ajiye aiki ya koma garinsu. Manaja ya aika aka kirawo gogan naka. Ya shiga ofis, ya ƙame, ya sara, don a zatonsa laifi ya yi.

Manaja ya buɗe durowa ya fito da wata hula mai jan zare ya ɗora a tebur. Ya ce, "Daga yau kai ne shugaban masu gadi. Amma gwaji ne na wata ɗaya. In ka iya, hular ta zama taka. In ba ka iya ba, ka dawo mini da abata."

Gogan ya dubi hula, idonsa ya kawo ruwa. Shekara goma sha ɗaya yana kallon hular nan a kan wani, yana haɗiyar yawu.

"Aikin ba wuya," in ji manaja. "Jadawali za ka tsara. Ku uku ne yanzu: kai, da Dogo, da Baba. Aiki kashi uku ne, awa takwas-takwas. Na safe, na yamma, na dare. Duk mako ku riƙa juyawa, wanda ya yi safe ya koma yamma, na yamma ya koma dare, na dare ya dawo safe. Kowa ya sami hutun kwana ɗaya a mako. Ƙofa kuma kada a bar ta babu mutum ko na minti ɗaya. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe. Amma da mu huɗu ne. Ba za a kawo wani a madadin wanda ya tafi ba?"

"Ba yanzu ba."

"Yaushe, yallaɓai?"

"Ka ga, kai ne shugaba ko ni? Je ka yi dabara."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, don direban manaja maƙwabcinsu ne, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya tarar matarsa ta gama zagaye unguwa gida-gida. Mai shago ya sani, mai ɗinki ya sani, har matar da suka yi shekara biyu ba sa gaisawa an je an gaishe ta don dai a faɗa mata. Tun daga ranar aka daina kiranta maman yara, aka koma matar shugaba. Ita ce ta kafa ƙusa a bangon falo, daidai inda duk wanda ya shigo zai gani, ta ce nan ne wurin hula.

"Baban yara," ta ce, "ka riƙe hular nan da hannu biyu. Na riga na buɗe baki a unguwa. In ta faɗi, ban san inda zan sa fuskata ba."

"Ke dai zuba ido," in ji shi.

Ya samo alli ya zana gidaje a simintin tsakar gida. Kwana bakwai, kowane kwana gida uku, gida ashirin da ɗaya ke nan. Ya tara murafun kwalba: ja nasa, kore na Dogo, fari na Baba. Kowa shida, tunda kowa zai huta kwana ɗaya. Ya jera, ya jera, ya duba. Gida uku babu kowa. Ya kwashe ya sake farawa daga ƙasa. Gida uku. Ya fara daga tsakiya. Gida uku dai. Ya zagaya ya tsuguna ta ɗaya gefen, ko daga can abin zai canja. Gidajen nan uku suna nan sun buɗe baki suna kallonsa.

Ya ɗan yi tunanin ya lissafa Dogo a mutum ɗaya da rabi, tunda in ya tsaya sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin gadi. Ya gwada, ya ga rabin ba ya cike gida. Daga ƙarshe ya buga cinya ya ce, "Shugaba ai shi ne mai ɗaukar nauyi." Ya samo jajayen murafu uku ya toshe ramukan da kansa.

Ga yadda abin ya kasance. Ran Litinin ya yi aikinsa na safe. Baba ne mai dare, kuma ranar hutunsa ce, sai gogan ya dawo ya karɓe shi. Gari ya waye Talata, aikin safe nasa ne, ya zarce. Ƙarfe biyu ta yi, Dogo ne mai yamma, shi ma ranar hutunsa ce, ya sake zarcewa. Laraba kuwa ranar hutunsa ce shi kansa, kuma jajayen murafu sun nuna shi ne zai karɓi mai hutu. Saboda haka ƙarfe shida na safe ya sa hula ya zo ya karɓi kansa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya idanunsa sun yi jawur, yana ganin mota ɗaya kamar biyu, yana sara wa duka biyun. Ga kuma inda Allah ya ajiye shi: kamfanin katifa. Ko'ina ya juya katifa ce, mai taushi, sabuwa fil a leda. An jera wasu guda ashirin kusa da ƙofa ana jiran motar da za ta kwashe. Ya ce bari ya ƙirga su, ai aikinsa ne. Ya ƙirga daga ƙasa zuwa sama. Ya ce bari ya hau ya tabbatar ta saman ba ta huje ba. Ya hau. Ya ce bari ya gwada ta da bayansa.

Masu lodi suka zo suna sauri. Biyu suka kama nan, biyu suka kama can, ɗaya ya ce, "Kai, wannan ta saman akwai nauyi, lallai mai tsada ce." Suka jefa ta mota, suka ɗora wata a kai, suka ɗaure da igiya.

Bayan awa ɗaya wayar manaja ta yi ƙara. Wani mai shago ne daga can ƙarshen gari.

"Yallaɓai, katifa ashirin na ce a kawo mini."

"Ba su cika ba?"

"Sun cika. Har da ƙari. Akwai mutum a ciki."

"Mutum?"

"Da hula mai jan zare. Mun tashe shi ya ƙi tashi, sai cewa yake mu nuna takardar fitar da kaya. Shi ma na sayarwa ne, ko kyauta kuke bayarwa?"

A motar da ta kai shi aka dawo da shi. Ya shiga ofis da shatin leda a kumatu, ya ƙame, ya sara.

Manaja ya ce, "Yau wa ke aikin safe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ke hutu?"

"Ni ne."

"To me ya kawo ka?"

"Na zo karɓar mai hutu."

"Wa ka karɓa?"

"Ni, yallaɓai."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. "To wa ya yi barci a kan kayan mutane?"

"Mai hutun ne, ranka ya daɗe. Haƙƙinsa ne. Mai aikin kam idonsa biyu."

Manaja ya mayar da tabarau. Sannan ya ce, "Saurara da kyau. Ran Asabar zan yi tafiya, sai bayan mako biyu. Kafin in tafi ina son sabon jadawali a teburin nan. Ba wanda zai haɗa aiki biyu a jere. Kowa zai huta, har da kai. Kuma ba na son in ga gida ko ɗaya babu suna. In aka sake kuskure, ka san inda durowar nan take."

Gogan ya dafe hularsa da hannu biyu ya fita da baya-baya.

Kwana biyu yana tsugune a tsakar gida. Ya daina cin abinci sosai, ya daina amsa sallama. Yara in sun zo wucewa sai su ɗaga ƙafa kamar masu tsallake kwata, don wanda duk ya taɓa murfi ɗaya ya shiga uku. Tsoro ne fal cikinsa, don duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya hango ƙusar nan ta bangon falo, ya tuna yadda za ta kasance babu komai a kanta. Ran Juma'a da yamma matar ta zo da tsintsiya ta tsaya a kansa.

"Baban yara, ka tashi in share gidan nan. Kwana biyu ke nan."

"Gida uku suka rage."

"Jiya ma gida uku ka ce. Kai dai da alama sai an ƙara maka kwana a mako sannan za ka gama."

Ya ɗago kai a hankali. "Me kika ce?"

"Na ce ka tashi in yi shara."

"A'a, na bayan."

Bai jira ta maimaita ba. Ya fizgi alli ya ja wani layi a gefen Asabar, ya yi sabon gida dogo. Ya cike gidaje ashirin da ɗaya tsaf, kowa bakwai-bakwai, babu rami ko ɗaya. Sannan a sabon gidan ya rubuta HUTU da manyan baƙaƙe, ya ɗora ja da kore da fari gaba ɗaya. Ya miƙe ya ja da baya yana kallo, baki har kunne. Kowa ya huta, ba wanda ya haɗa aiki biyu, kuma daga Lahadi har Asabar ƙofa da mutum.

Saura suna, don rana ba ta zama haka kawai babu suna. Ya gwada Latakwas, ya ji ba ta da kwarjini. Ya gwada Takwasin, ya ji kamar sunan maganin tari. Da ya ce Altakwas sai ya ji ta zauna daram, kamar ƙanwar Alhamis uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ya zo kwafewa a takarda, kwana bakwai suka cinye fuskar takardar, sai ya juya ya rubuta Altakwas a baya. Ran Asabar da safe ya kai wa manaja. Ya same shi a tsaye, waya a kunne, jaka a hannu, direba yana ta danna ham a waje. Manaja ya bi gidajen da ido, ya ga ko'ina da suna.

"Hutun fa?"

"Yana baya, yallaɓai."

"Madalla. Ka ga abin da nake faɗa maka? Dabara." Ya sa hannu ya fice.

Gogan ya tara mutanensa a ɗakin gadi, ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya yi ƙasa da murya. Ya yi musu bayani tun daga farko. Baba, wanda shekarunsa sun ja kuma ba ya ƙin duk abin da aka ce akwai kwanciya a ciki, ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, ilimi dai daɗi gare shi." Dogo kuwa sai sosa ƙeya yake.

"Shugaba, ina da tambaya."

"Yi."

"Ranar nan ta Altakwas, wa zai tsare ƙofa?"

"Tsare ta daga wa?"

"Daga ɓarawo mana."

Gogan ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya hango tambaya tun daga nesa. "Dogo, kwana nawa ɓarawo ya sani a mako?"

"Bakwai."

"Lissafa su."

Dogo ya lissafa.

"To duba takardar nan. A cikin bakwai ɗin nan wace rana ce babu mutum a ƙofa?"

Dogo ya duba. "Babu."

"To ta ina zai shigo? Mutum zai yi sata a ranar da bai san da ita ba?"

"Amma shugaba, ranar da muke Altakwas, shi ɓarawon ai yana wata ranar. A ce yana Litinin."

"Ya zo Litinin ɗin mana! Wa jadawali ya nuna ran Litinin da yamma?"

"Ni."

"To ka gani. Kai zai tarar."

Dogo ya sake duba takardar. Ya san akwai inda maganar ta karkace, amma ya rasa ta inda zai kamo ta. Gogan ya sa kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba, ko matarsa, don duk tsaron kamfanin nan yanzu a kan sirrin nan ya rataya.

Suka fara ran Lahadi, suka yi kwana bakwai cur. Altakwas ta farko ta faɗo daidai ranar da sauran duniya ke Lahadi, kamfani a rufe, ba ma'aikaci ko ɗaya. Suka garƙame ƙofa da kwaɗo kowa ya tafi gida ya miƙe ƙafa. Washegari suka dawo suka tarar ko tsinke bai motsa ba.

"Dogo," in ji gogan, "ɓarawo ya zo?"

"Bai zo ba, shugaba."

"Me ya hana shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar gogan ya canja tafiya, ya koma taku ɗai-ɗai, hula a karkace.

Sai dai an sami 'yar matsala. Tunda an cusa kwana ɗaya a tsakani, masu gadi sun koma bayan duniya da kwana guda. An juya aiki, Baba ya dawo safe. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa ran Litinin ɗinsu, Baba ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce yau Lahadi, ba aiki. Mai sito, wato mai kula da ɗakin ajiyar kaya, ya nuna masa waya, ya nuna masa jarida, ya tsayar da wani mai wucewa ya tambaye shi yau wace rana. Baba ya ce shi duk bai san wannan ba, ga takarda da sa hannun manaja. Sai da aka aika gida aka taso gogan. Ya zo ya yi hukunci cewa a buɗe musu, su yi Litinin ɗinsu daga ciki, masu gadi su yi Lahadinsu a bakin ƙofa, kowa ya riƙe ranarsa kada a shiga haƙƙin juna.

A gida ma haka. Matar ta ce yau Laraba, ya ce Talata. Ta ce ya tambayi yara, ya ce yara ba su san aikin tsaro ba. Ta ƙyale shi, tunda dai hula tana kan ƙusa kuma ana ta kiranta matar shugaba.

Aka sake cin kwana bakwai. Altakwas ta biyu ta zo, wannan karon ta faɗo ran Litinin ɗin mutane, ranar da kamfani ya fi cika da motoci. Dogo ne ya kwana a aiki. Ƙarfe shida na safe ya kira shugaba a waya.

"Shugaba, na tashi. In rufe ko in bar ta a buɗe? Yau fa ma'aikata za su zo."

"Buɗe musu ƙyauren ƙofar duka biyun, ka sa dutse ka tokare. Kada a ce mun hana mutane neman abinci."

"Shugaba, anya kuwa?"

"Dogo, ran nan ɓarawo ya zo?"

"Bai zo ba."

"To je ka huta."

Shi ma ya gyara kwanciya. Ya yi barci har rana ta take, ya tashi ya yi wanka, ya ci abinci, ya fito da tabarma gindin bishiyar ƙofar gida ya kishingiɗa da 'yar shara da hular aiki a kansa. Duk wanda ya wuce ya ce, "Shugaba, yau ba aiki?" sai ya ce, "Sirrin aiki ne." Wajen ƙarfe uku sai ga motar manaja ta taho da gudu ta ci birki a gabansa. Direba ya leƙo.

"Maƙwabci, taso. Yallaɓai ya dawo."

"Ka ce masa ina hutu."

"Wallahi in ka ga fuskarsa ba za ka ce in faɗa masa haka ba."

Ya shiga ofis ya tarar an cika. Ga mai sito yana ta share gumi, ga masu lodi sun jeru a bango, ga Dogo da Baba an riga an kwaso su, sun yi tsuru-tsuru. Manaja yana zaune, ko jakarsa bai ajiye ba.

"Faɗa masa," in ji manaja.

Mai sito ya ce, "Wajen ƙarfe goma wata babbar mota ta shigo. Mutum uku, ɗaya da fayil a hannu. Suka ce katifa tamanin, manya. Na ce ina takarda? Suka ce sun bayar a ƙofa. To ni na san ba motar da ke wuce ƙofar nan sai an karɓi takarda an rubuta lambarta a littafi. Shekara nawa haka ake yi. Sai na ce a loda musu."

"Mu muka loda," in ji babban masu lodi. "Har suka ce mu yi a hankali kada leda ta yage."

"Da za su fita," in ji mai sito, "mai fayil ɗin ya sauko ya cire dutsen, ya ja ƙofa ya rufe. Har yana faɗa, wai wane irin kamfani ne wannan, a bar ƙofa haka, ai sai ɓarayi su shigo."

Manaja ya juyo. "Na iso na yi ta ham a ƙofar kamfanina, ba kowa. Wa ke aiki yau da safe?"

"Wace rana, ranka ya daɗe?"

"Yau! Litinin!"

"In Litinin ce, Baba ne. Kuma ya yi ta tun makon jiya, wato ya riga ya yi ta, ba ta da saura. Litinin mai zuwa kuma sai jibi, Dogo ne."

"Yau wace rana ce a wurinka?"

Gogan ya dubi masu lodi, ya dubi mai sito, ya matso kusa da tebur ya rufe baki da tafin hannu. "Yallaɓai, a sallami mutanen nan tukuna. Maganar tsaro ce."

"Faɗi a gabansu!"

Ya yi raɗa. "Altakwas."

"Al me?"

"Juya takardar, yallaɓai. Ai na ce maka hutun yana baya."

Manaja ya zaro jadawali daga ƙarƙashin fayiloli ya juya. Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya juya gaba ya ga sa hannunsa, ya juya baya ya ga HUTU da sunaye uku a jere.

Shi kuwa gogan, a lokacin ne abin ya faɗo masa. Fuskarsa ta canja, ya juya ya ƙura wa Dogo da Baba ido, ransa a ɓace ƙwarai.

"Ranka ya daɗe, yanzu na gano. Akwai munafuki a cikinmu. Mu uku kaɗai muka san da ranar nan a duk duniya. Wa ya je ya faɗa wa ɓarawo?"

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Baba. "Ni ko sunanta ban iya faɗa ba."

Ɗaya daga cikin masu lodi ya toshe baki ya fita da gudu, aka jiyo shi a waje yana shaƙewa. Manaja bai yi dariya ba, bai kuma yi ihu ba. Ya miƙa hannu kawai.

"Hular."

Gogan ya kai hannu kansa. Ya cire ta a hankali, ya shafa jan zaren da yatsa, ya kasa saki. "Yallaɓai, shekara goma sha ɗaya. Ko allura ban taɓa ɗauka ba. Matata ta faɗa wa duk unguwa. Ka rufa mini asiri, kada ka kore ni."

Manaja ya karɓi hula ya jefa a durowa ya tura. Sannan ya tashi ya je bango ya ciro kalandar kamfani, mai hoton katifa a kowane shafi, ya naɗe ya miƙa masa.

"Wa ya ce na kore ka? Hutu na ba ka. Ungo wannan, ka rataye a gida. Duk ranar da ka duba ka ga Altakwas ta fito a ciki, ka zo da sassafe ka karɓi hularka."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe! Allah ya ja zamani!" Ya ƙame, ya sara da kalanda a hannu. A bakin ƙofa ya tsaya ya nuna Dogo da yatsa. "Kai kuma, in na dawo za mu yi bincike."

Ya iso gida a ƙafa, kai babu hula. Matar tana tsakar gida da maƙwabta biyu, ta gan shi, ta dubi kansa. Maƙwabtan suka dubi juna suka ce bari su je, sun bar abu a wuta. Ba su yi nisa ba, a bayan ƙofa suka tsaya.

"Baban yara, ina hular?"

"Tana hutu. Ni ma hutu aka ba ni."

"Hutu ko kora?"

"Ke wace irin mace ce? Wanda aka kora ana ba shi kyauta?" Ya warware kalanda ya rataye ta a ƙusar hula. "Manaja da bakinsa ya ce in koma ranar Altakwas."

"Ranar me?"

"Ba za ki gane ba. Zo ki taya ni dubawa."

Ya lashi yatsa ya fara ɗaga shafi. Ya bi watan da ake ciki layi-layi, babu. Ya ɗaga na gaba, babu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har Disamba, ya leƙa bayan Disamba, ya ga kwali ne kawai. Matar tana tsaye ta riƙe ƙugu.

"Ba su sa ta a ta bana ba," in ji shi. "Ƙila sai ta baɗi ta fito. Ba komai, mai jira ba ya gaggawa a aikin tsaro." Ya zauna a kujera ya miƙe ƙafa ya shafa ciki. "Tafiyar nan ta sa ni yunwa. Yaushe za a sauke abinci?"

Ta ɗauki mayafinta ta yafa, ta nufi ƙofa.

"Ci gaba da dubawa. Ni ma ran nan zan ɗora tukunya."